Dutsen Dange da Lissafin da Teku Ke Ajiyewa

Lacca da aka gabatar a Fatakwal gaban 'yan kasuwa da ɗalibai 'yan Arewa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu

     

Na zo da wani ɗan dutse a aljihu. Zan miƙa shi sahun gaba, kowa ya juya shi a tafin hannu ya ba na kusa da shi, don gani ya kori ji. Bai fi ƙwan zabo girma ba, launinsa tsakanin toka-toka da ruwan ƙasa. A bakin wani kwazazzabo na tsince shi kusa da Dange, kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau, inda ruwan damina ya yanke tudu ya fito da wata tsohuwar laka mai falle-falle kamar shafukan littafi, ire-iren wannan dutse suna kwance a tsakaninta. Wanda ya san Dange ya san rana ce da faƙo da iskar hunturu. Direban da ya ɗauko albasa daga can sai ya kwana biyu ko uku a hanya kafin ya shaƙi iskar teku a nan Fatakwal. Amma a ƙarƙashin ruwan teku wannan dutse ya ginu, shekara wajen miliyan 60 da suka wuce, kuma abin da ya tara a cikinsa shi ne maganarmu ta yau.

Sunan abin fosfaras. Ko wanda bai taɓa jin sunan ba ya taɓa sayensa. In ka duba buhun kamfa za ka ga lambobi uku a jere, 15-15-15 ko 20-10-10. Ta tsakiyar nan ita ce tasa. Takin da manoma ke kira supa kuwa dominsa aka yi shi kacokan. Yana gefen kwalin ashana inda ake ƙyastawa. Ya fi kusa da haka ma: a jikin kowane baligi a ɗakin nan akwai fiye da rabin kilo nasa, kashi 85 cikin 100 a ƙashi da haƙori, sauran yana cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki, inda yake riƙe da rubutun gado da ɗa ke ɗauka daga iyaye, yake kuma ɗaukar ƙarfin da tsoka ke aiki da shi. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi a birnin Hambag a 1669. Zinariya yake nema, ya dinga dafa fitsari har ya ƙafe, sai ya samu wani farin abu mai haske cikin duhu.

Abin da ya bambanta fosfaras da naitirojin, ɗan'uwansa na jikin buhu, shi ne ba ya tashi sama. Iskar da muke shaƙa cike take da naitirojin. Wake da gyaɗa suna jawo shi ta saiwarsu, shi ya sa manomi ke shuka dawa a inda aka cire gyaɗa. Masana'antar da ke Eleme, nan bayan gari, da iskar gas da iskar sararin Allah take yin yuriya. Fosfaras ba shi da wannan hanya. Daga dutse yake fitowa, sannu a hankali, in ruwan sama ya ci dutsen. Tsiro ya sha, dabba ta ci, ta mutu ya koma ƙasa, ya yi ta zagayawa, amma duk zagaye sai ruwa ya saci kaɗan ya gangara da shi. Wanda ya gangara kuwa ba ya hawowa.

Mutanen Anaca, ku ne shaidun wannan gangara. Ku tsaya kan tsohuwar gadar nan da aka buɗe a 1965, a watan Satumba, ku dubi ruwan Kwara. Ja ne wur kamar an dama kunun kanwa. Wannan jan ba launin ruwa ba ne, ƙasa ce. Akwai ƙasar Gini da ta Mali a ciki, akwai ta gonakin Kabi da Zamfara da gulbin Rima ya kwaso, akwai ta Kaduna, akwai ta Adamawa da Taraba da Binuwai ya kawo ya zuba a Lakwaja. Madatsar Kainji, tun 1968, tana tare wani kaso, sauran ya wuce ta ƙarƙashin ƙafafunku. Mafi yawan fosfaras ɗin da ke cikin wannan ruwa manne yake da ƙwayoyin laka, yana zubewa nan bakin teku, inda laka ta taru bisa laka har kaurinta ya kai wajen kilomita 10 a wasu wurare. Ɗan kaɗan ne yake narke a ruwa ya shiga teku sosai. Wannan ɗan kaɗan shi ne jarin da teku ke juyawa.

Teku gona ce, sai dai shukarta ba ta ganuwa da ido. A saman ruwa, iyakar inda hasken rana ke kaiwa, wato bai wuce mita 200 ba, akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, kowane ɗaya ƙwayar halitta guda, suna yawo tare da ruwa. Cikin cokali ɗaya na ruwan teku ana iya samun dubbansu. Kusan rabin abincin da tsirran duniya ke haɗawa da hasken rana su ke haɗa shi. Ƙananan ƙwari na ruwa su ci su, shawa ta ci ƙwarin, babban kifi ya ci shawa. Wani masani Ba'amurke, Alfred Redfield, ya lura tun 1934 cewa ma'aunin sinadaran jikin waɗannan tsirrai kusan ɗaya ne ko'ina a tekunan duniya, kuma daga baya aka tsayar da shi a kan kabon 106, naitirojin 16, fosfaras 1. Ku dubi wannan 1 ɗin. Kamar gishiri ne a tukunya, shi ne mafi ƙanƙanta a awo, amma in babu shi sauran 122 ba su haɗuwa su zama rai. In naitirojin ya yi ƙaranci a teku, akwai halittun da ke jawo shi daga iska kamar yadda gyaɗa ke yi. In fosfaras ya yi ƙaranci sai dai a jira kogi. Shi ya sa masana da dama, irin su Toby Tyrrell a wani nazari na 1999, suke ganin in aka ɗauki dogon zamani, fosfaras ne ke yanke iyakar yabanyar teku.

To, in waɗannan tsirrai suka mutu fa? Nutsewa suke yi, su da kashin ƙwarin da suka ci su, da ƙayar kifi da ɓamɓaroki, suna zuba ƙasa dare da rana kamar yayyafi. Tafiyar da nisa, don matsakaicin zurfin teku ya kai wajen mita 3,700. Yawanci ba sa isa. A hanya ƙwayoyin cuta ke ruɓar da su, fosfaras ɗin ya koma ruwa. Shi ya sa ruwan can ƙasa, mai sanyi da duhu, ya fi na sama taki nesa ba kusa ba. Inda iska ta ture ruwan sama daga gaɓa har na ƙasan ya taso, nan kifi yake. Haka ake yi a gaɓar Gana da Kwaddibuwa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da masunta ke cika jirage. Haka ake yi a Muritaniya da Namibiya da Feru. Ƙwayar fosfaras ɗaya takan yi wannan hawa da sauka sau da yawa, ta shekara dubu goma-goma cikin ruwa, kafin wata rana ta maƙale a laka a binne ta. Abin da ake binnewa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka noma a sama ba.

Wannan ɗan abin da aka binne shi ne littafin. Duk ɗan kasuwa a nan yana da littafin da yake rubuta shiga da fita. Teku ma yana da nasa, kuma ba ya tsallake rana. A tsakiyar teku, nesa da bakin koguna, laka takan shekara 1,000 kafin ta ƙaru da kaurin yatsa, a wasu wuraren ma ba ta kai kaurin farce ba. Na yau bisa na jiya, na jiya bisa na shekaranjiya. Wanda ya soka bututu ya zaro wannan laka a jere, ya zaro tarihi.

Jirgin Ingila mai suna Challenger, da ya zagaya duniya daga 1872 zuwa 1876, shi ya fara yaso ƙasan teku da gaske, har ya ɗebo dunƙulallun duwatsun fosfet a kudancin Afirka, 'yan'uwan wannan da ke zagayawa a hannunku. Haƙa mai zurfi a kai a kai kuwa sai 1968 aka fara ta da jirgin Glomar Challenger, sannan JOIDES Resolution ya gaje shi a 1985. Wannan jirgi ya zo unguwarmu: a 1995 ya haƙa a tekun Gana da Kwaddibuwa, a 1997 ya haƙa daga bakin kogin Kwango zuwa Angola da Namibiya. Bututu ɗaya yakan fito da laka mai tsawon mita 9 da rabi. A yanka ta gunduwa-gunduwa, mita ɗaya da rabi kowace, a tsaga kowace gida biyu a tsaye kamar yadda ake tsaga rake. Rabi a yi bincike da shi, rabi a ajiye a ɗakin sanyi. Shekarun kowane falle ana gane su ta ɓawon ƙananan halittun da ke ciki, da tokar aman wuta in an dace da ita, da kuma alamar da maganaɗisun duniya ya bari a laka, don yakan juya kudu ta koma arewa, kuma juyin ƙarshe ya faru shekara wajen 780,000 da suka wuce.

A nan nake so ɗalibai su kasa kunne, don nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma ake zamewa. Ba a tambayar nawa ne fosfaras cikin kowane giram na laka a tsaya nan. Mai sayen hatsi ya san dalili. In aka ba ka buhun gero da aka cika da yashi, geron cikin kowane kwano zai ragu, amma wannan bai nuna gonar ba ta yi kyau ba, algus aka yi. Haka in kogi ya kawo yashi da yawa a wani zamani, fosfaras zai tsarma cikin laka alhali teku bai rage noma ba. Don haka sai a haɗa abu uku: yawansa cikin giram, nauyin busasshiyar lakar, da saurin taruwarta. Abin da ya fito shi ne nawa ya sauka kan fili kaza cikin shekara 1,000. Wannan shi ne shigar kaya ta gaskiya.

Ba a gama ba. Cikin lakar akwai fosfaras ɗin da bai taɓa shiga cikin wani mai rai ba, ɓarɓashin dutse ne kawai da kogi ko iska suka kawo. Wannan ba ya cikin lissafin yabanya, dole a fitar da shi. Wata masaniya, Kathleen Ruttenberg, ta fito da hanyar tankaɗe shi a 1992. Laka ɗaya ake wankewa da ruwan magani kala-kala, bi da bi, kowane ya kwashe nasa: wanda ya ɗan manne a saman ƙwayar laka, wanda tsatsar ƙarfe ta riƙe, wanda ya ƙanƙare ya zama sabon dutse a cikin lakar tare da ƙayar kifi, ɓarɓashin tsohon dutse, sannan wanda har yanzu yake cikin ragowar gawar tsiro. Kamar mace mai tankaɗe ce, ta ware gari, ta ware tsaki, ta ware dusa, ta zubar da tsakuwa.

Da aka yi haka sai aka ga wani abu da ya ba fosfaras daraja a wannan fanni. Gawar tsiron tana ci gaba da ruɓewa ko bayan an binne ta, kabon ɗinta yana tserewa, har ya zama in ka je ƙasa sosai sau da yawa kaɗan kake samu nasa. Fosfaras kuwa sau da yawa gida kawai yake sauyawa. Ya fita daga gawar, ya haɗu da sinadarin alli cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin laka, ya ƙanƙare ya zama dutse irin na haƙori, ya zauna. Kamar mutum ne ya mayar da kuɗin takarda zinariya: siffa ta sauya, dukiya tana nan. Gabriel Filippelli da Margaret Delaney sun bi wannan sawu a lakar tsakiyar tekun Fasifik a 1996, Karl Föllmi kuma ya tattara awon ramuka masu yawa ya jera tarihin binne fosfaras na shekara miliyan 160. Daga irin wannan aiki aka ga cewa tsakanin shekara miliyan 8 zuwa miliyan 4 da suka wuce tekunan Indiya da Fasifik sun yi wata gagarumar yabanya. Filippelli ya danganta ta da ƙarfin damina a kan duwatsun Himalaya, wadda ta ci dutse ta aika da taki teku. Ba kowa ya yarda da shi ba, har yau ana muhawara, amma ku ga girman tambayar da ɗan cokalin laka ya tayar.

Yanzu ga inda littafin yake iya ruɗin mai karatu, kuma ni a ganina duk wanda ya ɓoye wannan bai yi wa ilimin adalci ba. Tsatsar ƙarfe tana riƙe fosfaras ne muddin akwai iskar oksijin a ruwan ƙasa. In iskar ta ƙare, tsatsar ta narke, ta saki abin da ta riƙe ya koma ruwa. Ellery Ingall da Richard Jahnke sun nuna haka a 1994. To, me ke ƙarar da iskar? Yawan gawar da ke zubowa daga sama tana ruɓewa. Ashe ke nan a shekarun da teku ya fi yabanya, a lokacin ne laka za ta iya rubuta kaɗan. Fosfaras ɗin da ya tsere kuma ya koma sama ya ƙara yabanya, yabanya ta ƙara gawa, gawa ta ƙara cinye iska. An ga haka a duwatsun shekara miliyan 94 da suka wuce, lokacin da manyan sassan teku suka shaƙe: fosfaras ya hau a farkon al'amarin, da shaƙewar ta kankama sai ya faɗi warwas, alhali baƙar laka mai cike da gawa tana ta taruwa. Don haka mai hankali ba ya karɓar shaidar fosfaras ita kaɗai. Sai ya nemi ta ɓawon halittu, ya nemi ta sinadarin bariyam, ya tambayi lakar ko akwai iska a ranar da aka rubuta ta, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya.

Mutanen Inugu, wancan zamani na shaƙewa bai yi nisa da ku ba. A wajen wannan lokaci teku ya shigo ta kwarin Binuwai, ya ratsa ta Gwambe da yankin Chadi da Sahara har ya haɗu da tekun arewa. Farar ƙasar Nkalagu da aka buɗe wa masana'antar siminti a 1957, da ta Ashaka, duk a ƙarƙashin ruwan gishiri suka kwanta. Gawayin da aka gano a Udi a 1909, wanda dominsa aka kafa Inugu, aka gina tashar jirgin ruwa ta Fatakwal, aka shimfiɗa dogo tsakaninsu zuwa 1916, fadamun bakin wani teku ne da ya zo daga baya. Garuruwan nan da muke ci-rani a cikinsu, tsohon teku ne ya kira mu.

Na Sakkwato daga arewa ya shigo, ta Mali da Nijar, ya zo ya koma fiye da sau ɗaya. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai kama da kada, har masana suka sa masa sunan garin, Goronyosaurus. A Wurno an samu na kadojin teku. Dutsen Kalambaina da ake siminti da shi ɓawon halittun wannan ruwa ne. Lakar Dange kuwa, wadda ta miƙe ta Shuni da Kware da Wurno da Gada har ta tsallaka iyaka zuwa Tawa, ita ce mai fosfet, haɗe da haƙoran kifi da kashin dabbobin ruwa da ya zama dutse. Gaskiya ita ce wannan teku ba mai zurfi ba ne, don haka dutsen Dange ba shafi ne na littafin tsakiyar teku ba. Na gefen littafin ne, inda tawada ta taru ta yi kauri. Irin wannan taruwa tana son ruwa mai yabanya, da laka mai ƙarancin iska, da igiyar ruwa mai sheƙe lakar ta bar masu nauyi, kamar sheƙar hatsi. Ana ganin yadda abin ke faruwa yau a tekun Namibiya. A 1997 wata Bajamushiya, Heide Schulz, ta samu wata ƙwayar bakteriya a lakar can mai girman da ido ke iya gani, har kusan milimita ɗaya, kuma a 2005 ta nuna cewa tana tara fosfaras a cikinta ta sake shi a tashi ɗaya, har ruwan lakar ya ƙoshi ya fara zubar da dutse.

Malam Umaru Altine, wanda ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950, mutumin Sifawa ne, tafiyar ɗan lokaci daga inda na tsinci dutsen nan. Fataucin shanu ya kawo shi. Ina ambatonsa don hanyar da ya bi ita ce hanyar da fosfaras ɗinmu ke bi har gobe.

Ku lissafa tare da ni. Ƙasar Arewa, musamman jigawa, matalauciya ce a fosfaras. Binciken tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya daɗe da nuna cewa rashinsa na cikin manyan abubuwan da ke danne gero, har ɗan taki cikin murfin kwalba a gindin kowace shuka yakan sauya amfanin gona. Daga wannan ƙasa matalauciya sa yake kiwo shekara huɗu ko biyar yana tara fosfaras a ƙashinsa. Sai mu loda shi a tirela mu sauke a garikin Ugwuoba ko wata kara a nan Kudu. Haka wake, haka gyaɗa, haka masara, don a ƙwayar hatsi tsiro ke tara mafi yawan nasa. A ci a nan, bayan gida ya shiga kwata, kwata ta shiga rafi, rafi ya shiga teku. Motar ta koma da manja da katako da goro. Fosfaras ɗin bai koma ba.

Me ke maye gurbinsa? Jirgin ruwa. Maroko ke riƙe da wajen kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin da aka san ana iya haƙa a duniya, kuma nata ma tsohon teku ne, sa'an na Sakkwato. Togo tana haƙar nata a Hahotoe tun 1961, daga can masana'antar supa ta Kaduna, da ta fara aiki a 1976, ta riƙa samun dutse. A Disamba 2016, da Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya zo Abuja, aka ƙulla yarjejeniyar da ta kawo buhun 20-10-10 a kan naira 5,500. Shiri ne da ya taimaki manoma, ban raina shi ba. Amma a 2008 farashin dutsen fosfet a kasuwar duniya ya ninka kusan sau takwas cikin ɗan lokaci, a 2022 kuma kowa a nan ya ga abin da yaƙin Rasha da Yukiren ya yi wa kuɗin taki. Na Dange bai kai na Maroko yawa ba, ko kusa, a warwatse yake cikin laka, tsintarsa ake yi da hannu. Duk da haka yana da kyau, kuma niƙaƙƙensa ya fi narkewa a ƙasa mai tsami, irin ta nan Gabas. Abin yana ci mini rai, a ce manomin Shuni yana taka wannan dutse a hanyarsa ta zuwa bin layin takin da ya ƙetaro teku.

Akwai hanya ɗaya da na sani da fosfaras ke tafiya ta sama, kuma ku ma kun san ta. Hazon hunturu. Yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tafki da ya ninka tafkin Chadi na yau sau da yawa shekara 7,000 da suka wuce. Ƙurar nan da ke fasa mana leɓe ɓawon tsirran ruwa ce da garin ƙayar kifi. Tana sauka a gonakinmu ta ɗan rage asara, tana sauka a Atlantika, wani awo na tauraron ɗan'adam da aka buga a 2015 kuma ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara tana kai tan 22,000 na fosfaras dajin Amazon kowace shekara.

Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, maganar ta iso gare ku. Kwanan baya na je wata kwata a nan Kudu da hantsi, bayan an gama yanka. A gefe guda an tara ƙashi tsibi guda, ƙafafu da haƙarƙari da kawuna, wani saurayi yana ƙona su, wanda ya ƙonu ya koma fari fat yana farfashewa a hannu kamar alli, ana durawa a buhu don masu haɗa abincin kaji. Na ɗauki guntu na haɗa da dutsen nan a tafin hannuna. Sinadari ɗaya ne, ɗaya ya shekara miliyan 60, ɗaya jiya yake tafiya da ƙafafunsa. Da ƙashi aka fara yin supa ma: John Lawes na Ingila ya zuba wa ƙashi ruwan asid, ya yi rajistar hanyar a 1842. Wannan ɓangare na kwatar ya burge ni. Amma taku goma daga nan, jini da abin cikin tumbi da kashin shanu ana tura su da tsintsiya da bokitin ruwa zuwa wani lambatu da ya nufi rafi. Bakin rafin ya yi kore shar, ya rufe da ciyawar ruwa, yana wari. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da na gaya muku ya faru da teku shekara miliyan 94 da suka wuce, shi ne ke faruwa a wannan rafi: taki ya yi yawa, gansakuka ta yi yawa, ta mutu ta cinye iska, kifi ya gudu. Abin da ake turawa da tsintsiyar nan, in an tara shi a rami an bar shi ya ruɓe ya bushe, taki ne da masu lambu za su saya da kuɗi, kuma ƙungiyar mahauta ɗaya ta isa ta fara.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu karatun ilimin duwatsu da sinadarai a jami'o'in Fatakwal da Nsukka da Danfodiyo, lakar da aka haƙo daga tekun Atlantika, har da ta gaɓar Afirka ta Yamma, tana ajiye a birnin Biremen na Jamus, kuma mai bincike daga kowace ƙasa yana iya rubutawa ya nemi samfuri. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas tun 1975. Tambayar nawa Kwara ke kai wa teku a shekara, da yadda abin ya sauya tun da aka gina Kainji aka kuma fara zuba takin zamani, amsarta tana kwance a laka tafiyar 'yan sa'o'i cikin jirgi daga Bonny. Ina so in ga ɗan da ya tashi a unguwanninmu na ci-rani, Ama Hausa ko Bakin Gada, ya zaro wannan laka ya karanta mana ita da bakinmu.

Ina ganin dutsen ya kai sahun baya, wurin iyayenmu mata. Hajiya, in kin gama dubawa a miƙo shi gaba, akwai makarantar da na yi wa alkawarin kai shi gobe.